ZAUREN ANTI: Allurar Barci Da Tsoron Tonon Asiri

  

A wannan fitowar na so mu ci gaba da zancenmu na kayan lefe, to amma sai wata wasiƙa ta faɗo hannuna wadda ta sa dole na ajiye wancan tukuna. Wata ƙanwarku ce 'yar aji biyar a sakandare ta rubuto, ta haɗa ni da Allah kada in faɗi sunanta ko unguwarsu. Na ji ƙanwata, na kuma rufa miki asiri.

Ta ce ta daɗe tana fama da ciwon mara, da aka je asibiti aka yi hoto sai likita ya ce akwai wani ƙullutu a jikin ƙwan haihuwarta wanda sai an yi aiki an cire shi, har an sa rana in an yi hutu. Tun daga ranar barci ya ƙaurace wa idonta. Wai ba wuƙar ce take tsoro ba, allurar barcin ce. Wata ƙawarta ta ce mata akwai waɗanda ake yi wa ba su farka ba. Wata ta ce ai duk wadda aka yi wa allurar nan sai ta amayar da duk abin da ke cikinta, ga shi kuwa tana da wani wanda suke soyayya, yayan ƙawarta ne, a gida ba a sani ba, kuma Mamanta ce za ta yi jinyarta. Wata kuma ta ce in allurar baya aka yi mata to ta gamu da ciwon baya har abada, ƙila ma ba za ta haihu ba. A ƙarshen wasiƙar ta ce ita dai tana tunanin ta ce ta warke, ta samu mai maganin gargajiya ya ba ta abin da zai narkar da ƙullutun.

Ba zan ɓoye muku ba, da na zo kan zancen saurayin nan sai da na yi dariya har na ajiye takardar. Amma da na kai layin ƙarshe sai dariyar ta tsaya. Yarinya za ta bar ciwo a cikinta saboda hirar ƙawaye a bayan aji! Shi irin wannan ƙullutun in ya yi girma yana iya murɗe ƙwan haihuwar gaba ɗaya, jini ya daina kai masa, a wayi gari cikin dare ana gudu da ke asibiti, a ƙarshe a cire har ƙwan. Kin ga abin da kike gudu shi za ki tarar.

Bari mu fara da wanda ya fi damun ki, don na san shi ne ya fi damun ki ko ba ki faɗa ba. Ƙanwata, babu wata allura a duniya da take tilasta mutum faɗin gaskiya. Turawa ma sun gwada, sun yi ta ɗura wa masu laifi wani maganin barci da ake kira tayofenton wai don su yi iƙirari, aka ga abin shirme ne, mutum yana cakuɗa gaskiya da ƙarya da mafarki. Lokacin da ake miki aiki kuwa, in barci sosai aka sa ki, ba ki san ma kina duniya ba, sau da yawa akwai bututun numfashi a maƙogwaronki, to da wane bakin za ki yi magana?

Surutan da ƙawayenki suka ji labari, a wajen farkawa ake yin su, kuma yawanci aikin wani magani ne guda ɗaya mai suna ketamin. Shi ketamin tsohon magani ne, a Amurka aka haɗa shi a 1962, kuma ƙananan asibitocinmu suna ji da shi ƙwarai, domin ba ya danne numfashi kamar sauran, ba ya kuma sa bugun jini ya faɗi, don haka ko wadda ta zubar da jini da yawa ana iya yi mata shi. Ya ceci mata ba iyaka a wuraren da babu manyan na'urori. Aibinsa shi ne mafarke-mafarke. Wata ta ga tana yawo a sararin sama, wata ta ga bango yana tafiya, wata ta yi ta kuka, wata waƙa. Na taɓa jinyar wata gwaggona da aka yi wa shi, tana farfaɗowa ta dinga faɗa da mu wai mun bar akuyarta ta shiga tukunyar miya, alhali rabonta da kiwon akuya ya fi shekara ashirin. Irin zancen ke nan, ba kai ba gindi. Shi ya sa likitoci suke haɗa shi da wani mai kwantar da hankali, irin su dayazifam ko midazolam, su kuma ce a bar mutum ya farka a wuri mai shiru, kada a dinga jijjiga shi ana kiran sunansa.

Ba zan yi miki rantsuwa cewa sunan wani ba zai suɓuce miki ba, don bakin mai magagi ba shi da linzami. Sai dai a manyan asibitoci akwai ɗakin farfaɗowa, can za a ajiye ki wajen nas-nas sai kin dawo hayyacinki kafin a miƙa ki ga 'yan uwa, su kuwa ma'aikatan sun ji irin wannan sambatun har sun gaji, aikinsu kuma ya hana su fitar da shi waje. In ma Mama ta ji wani suna a cikin zancen akuya da tukunya, me za ta kama? Amma tunda ke kika kawo kanki zauren nan, bari in faɗa miki wadda ba ki tambaya ba. Soyayyar da ɓoye ta ya kai ki ga tunanin gudun asibiti ta yi miki nauyi. Ki samu yayarki ko wata gwaggo da kike sakewa da ita ki gaya mata. In yaron kirki ne ya san hanyar gidanku.

To zancen farkawa fa? A nan sai in ɗan ja ku baya kaɗan, don ku san irin ni'imar da muke ciki. Kafin 1846 duk wanda za a yanke wa ƙafa ko a fasa masa ƙari, ƙarti ne suke danne shi yana ihu, gwanin likita shi ne wanda ya fi sauri. A ranar 16 ga Oktoba na shekarar ne wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa wani majiyyaci turirin wani ruwa da ake kira eta a wani asibiti a birnin Boston na Amurka, aka cire masa ƙari a wuya bai yi ihu ba. Har yau likitocin barci na duniya suna tunawa da wannan rana duk shekara. Shekara ɗaya bayan nan wani likitan mata a Edinbura, James Simpson, ya fara shaƙa wa masu naƙuda kulorofom. Mutane suka yi ta surutu, kamar dai yadda ƙawayenki suke yi yanzu, sai da Sarauniyar Ingila Biktoriya ta shaƙe shi a haihuwar ɗanta na takwas a 1853 sannan bakin mutane ya mutu. Shi kulorofom an daɗe da daina amfani da shi don yana taɓa zuciya da hanta. Wancan da kuke gani a fina-finan Indiya, mugu ya ɗora wa yarinya hankici a hanci nan take ta sulale, wannan shirin fim ne kawai, a zahiri sai an ɗauki mintuna ana shaƙa.

Yau abin ya wuce nan nesa. In an shiga da ke ɗakin tiyata, akwai mutum guda wanda ba ruwansa da wuƙa, aikinsa kawai ke. Shi ne likitan barci, a wasu asibitocin kuma nas ce da ta yi kwas na musamman a kan wannan aikin. Yana zaune a saitin kanki tun daga farko har ƙarshe. Zai ɗaura miki abin awon jini a dantse, ya maƙala miki wani ɗan abu kamar maƙalin shanya a yatsa mai nuna yawan iskar da ke cikin jininki, ya sa miki ƙarin ruwa. Ta wannan hanyar ruwan zai tura maganin. Wanda aka fi yi yanzu sunansa furofofol, fari ne tas kamar madara, yana ɗan yi wa jijiya zafi in yana shiga, kafin ki ƙirga talatin ko arba'in kin tafi. Shi kaɗai ba ya daɗewa, minti biyar zuwa goma ya sake ki, don haka sai a ci gaba da riƙe barcin da wata iska da ake shaƙa, a ƙara da maganin kashe zafi, wani lokaci da wanda yake sakar da tsokar jiki don likita ya ji daɗin aiki. In an ɗinke, sai a rufe iskar, jikinki ya fitar da ita ta numfashi, ki ji ana kiran sunanki. Ke a ganinki yanzu kika rufe ido.

Hatsari akwai, ƙarya ne in ce babu. Amma ga yarinya mai ƙuruciya, wadda aka yi wa gwaje-gwaje aka shirya ta, a asibitin da yake da ma'aikaci da kayan aiki, hatsarin kaɗan ne ƙwarai. Yawancin labaran “ba ta farka ba” in kika bi diddigi za ki tarar an kai mutum ne a makare, jini ya ƙare ko ciwo ya ci jiki, ko kuma an yi aikin a inda bai kamata ba. Kun san mawaƙin nan na Amurka Michael Jackson? Furofofol ɗin nan ne ya kashe shi a 2009, domin likitansa yana yi masa shi a ɗakin kwanansa wai don ya samu barci, ba kayan sa ido na kirki, ya kuma fita ya bar shi. Kotu ta ɗaure likitan a 2011. Maganin da ake yi wa dubban mutane kullum lafiya lau, da aka fitar da shi daga muhallinsa ya zama ajali. Saboda haka duk wanda ya ce zai sa ki barci a bayan kemis ko a wani ɗaki a lungu, ko me za a yi miki, ko wane irin sirri ne ya kai ki, ki tashi ki ba ƙafa iska. Masu hankali sun gane inda na dosa.

Akwai kuma rabon da yake hannunki, a nan ne nake so ku buɗe kunne da kyau. In an ce kada ki ci komai, to kada ki ci. Ɗiyar yayata an taɓa sa mata ranar aiki, aka ce daga sha biyun dare ta kama baki. Da asuba kakarta ta dube ta tausayi ya kama ta, ta ce haba, yarinya za ta shiga wannan wahala da cikin wofi? Ta dama kunu ta ba ta a ɓoye, wai ai kunu ruwa ne. Allah ya taimake mu likitan barcin ya sake tambaya a bakin ƙofa, yarinyar ta faɗi gaskiya. Nan take aka fasa, aka mayar da mu layi, sai bayan sati biyu. Hajiya ta yi ta faɗa wai wulaƙanci ne. Sai da likitan ya zaunar da ita ya ce, Hajiya, mai barcin allura ba ya iya tari, ba ya iya haɗiya, in kunun nan ya taso daga ciki huhu zai wuce kai tsaye, ruwan ciki kuwa yana ƙona huhu. Jikinta ya yi sanyi. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce awa shida ba abinci, in mai maiƙo ne sosai ma awa takwas, ruwa zalla kuwa ana iya barin mutum ya sha har zuwa awa biyu kafin aiki. Kunu, koko, fura, shayi da madara, duk abinci ne a wajensu. Amma abin da asibitinki ya ce shi za ki bi, in kuma kin yi kuskure kin ci, ki faɗa. Gara a ɗaga ranar.

Haka nan tambayoyin da zai yi miki kafin ranar, ba gulma ce ta sa shi ba. In kina da sikila ko asma, ki faɗa. In wani a danginku ya taɓa samun matsala da allurar barci, ki faɗa, don akwai irin wadda ake gado. In wani magani yana sa ki ƙaiƙayi ko kumburi, in kina shan na gargajiya, tsimi ne ko jiƙo, in kina da haƙori mai girgiɗi ko na Makka, duk ki faɗa. Zai tambaye ki yaushe rabonki da al'ada, za a iya ma gwada fitsarinki, kowace mace ake yi wa, ba zarginki ake ba. In akwai abin da ba za ki iya faɗa a gaban Mama ba, ki ce kina son magana da likita ke kaɗai, haƙƙinki ne.

Sai wata magana mai ɗaci. Na san a cikin masu karanta mu akwai waɗanda ƙawaye suka koya wa shan kodin ko taramol ko ƙwayar barci, tun ana yi don gidan biki har abin ya zama jiki. Gwamnatin Nijeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun 2018, amma ni da ku mun san ba a daina gani ba. Jikin da ya saba da waɗannan, awon maganin da yake isar kowa shi ba ya isar sa, kuma in an yanke masa su kwatsam a gadon asibiti yana iya birkicewa, har da jijjiga. Likitan barci ba ɗan sanda ba ne. Ki raɗa masa, shi ya san yadda zai auna.

Ku kuma masu kwalliya, ranar aiki a goge jan farce, a cire farcen roba, a ajiye sarƙa da 'yan kunne a gida. Baƙin lalle ma yana iya rikita ɗan abin nan na yatsa, don haka in kin san an sa miki rana, ki haƙura da shi ko ki bar yatsa ɗaya biyu fari.

Yanzu allurar baya, wadda aka fi yi wa ƙazafi. Ni da kaina an yi mini ita a haihuwar autana, don haka ba labari aka ba ni ba. Za a zaunar da ke a ce ki sunkuya ki rungume filo, a goge bayan da magani mai sanyi, a kashe fatar wurin, sannan a shigar da wata siririyar allura can ƙasan baya, ƙasa da inda lakar ta ƙare, a zuba ɗan magani kaɗan mai suna bufibaken a cikin ruwan da ke wurin. Tun 1898 wani likitan Jamus, August Bier, ya fara wannan dabara. Cikin 'yan mintuna na ji ƙafafuna sun yi ɗumi, suka yi nauyi kamar ba nawa ba. Aka sa labule a ƙirjina. Ina jin ana taɓawa ana ja, amma zafi ko kaɗan, muna ma hira da nas ɗin da ke kaina. Can sai na ji kukan yaro. Wallahi ƙannena, ban san sanda hawaye ya zubo mini ba. Da barci aka sa ni, da sai dai a ba ni labari. Shi ya sa likitoci suka fi son ta a aikin haihuwa, uwa tana numfashi da kanta, maganin da yake kai wa ga jariri kuma bai taka kara ya karya ba.

Bayan awa biyu zuwa uku ƙafa takan fara dawowa. Wurin allurar yana ɗan yin tsami kwana biyu uku. Wasu suna samun wani ciwon kai mai tsanani in sun tashi zaune, ya lafa in sun kwanta, yawanci yana wucewa cikin kwanaki, in ya matsa kuma akwai abin da likita zai yi, sai a koma a faɗa masa. Amma ciwon baya na har abada, binciken likitoci bai nuna allurar ce take kawo shi ba. Matar da ta ɗauki ciki wata tara, ta zo tana goyo, tana sunkuyon wanki da tsakar gida, da allura ko ba allura bayanta zai yi magana. Batun hana haihuwa kuwa, ina ruwan allurar baya da mahaifa? Mata nawa aka yi wa ita a haihuwar fari suka dawo aka sake yi musu a ta biyu da ta uku?

Ƙaramar cikinsu ita ce ta kashe wuri, lidoken, wadda ake yi in za a cire haƙori ko a ɗinke rauni ko ƙarin da ake yi wa mai haihuwa. Idonki biyu, wurin ne kawai zai mutu na awa ɗaya ko biyu. In an fara ɗinki kina jin zafi, ki yi magana a ƙara miki, ba rashin kunya ba ne, ba kuma raki ba ne.

Wace za a yi miki a cikinsu, ƙanwata, wannan likitocinki ne za su zaɓa bayan sun duba girman ƙullutun da yadda za su shiga, kuma kina da damar tambaya. In kin farka kika ji tashin zuciya, ko rawar sanyi, ko maƙogwaro yana kartar ki saboda bututu, duk an saba gani, akwai maganinsu. Kada a ba ki ruwa ko abinci sai nas ta ce a ba ki, ko da Mama za ta ji tausayin leɓenki ya bushe. Wadda aka sallama a ranar kuma, ta samu mai raka ta gida, ta yi kwana guda ba girki a kan wuta, ba hawa babur ita kaɗai.

Ki yanke shafin nan ki kai wa Mama ku karanta tare, sakin layin saurayin kya iya ninke shi. Ranar da za ki ga likitan barci ki rubuta tambayoyinki a takarda, don na san ku, da kun ga farar riga sai baki ya mutu. In an yi aikin kin samu sauƙi ki sake rubuto mini, ina so in ji me kika gani a mafarkin.

Zancen lefe yana nan, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum,
Anti